Rowland Bingham: Aikakke Mai Haƙuri

An haifi Rowland Bingham a Ingila a 1872, ya ƙaura Kanada yana saurayi. A Disamba 1893 ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent, da nufin su kai bishara ƙasashen Sudan, har ƙasar Hausa.

A 1894 abokansa biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Shi kuma zazzaɓin cizon sauro ya mayar da shi gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kore shi. Duk da haka bai bar kiran ba. A 1902 mishan ɗinsa, SIM, ta kafa tashar farko a Patigi. A 1924 aikin ya iso Damagaram. Bingham ya rasu a 1942.

Ƴan'uwa, ma'anar manzo aikakke ne. Da Bulus yake lissafta alamun manzo cikin 2 Korantiyawa 12:12, ya ambaci matuƙar haƙuri. Idan wani ya zo garinku yana kiran kansa manzo, ku duba: Yesu yake wa'azi ko kansa? Yana jure wahala? Rayuka yake nema ko hatsin rumbunku?