LIKITA MILA NA ZARIYA (1872–1952)

Da yawanmu mun taso muna jin karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'a, ko da yake a gida wani harshe dabam muke yi. Ya kamata mu san mutumin da ya ɗauki mafi yawan nauyin wannan fassara, wato Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suke kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke London, sa'an nan ya ba da kansa ga mishan ɗin CMS ta ikilisiyar Angilikan domin kai bishara ƙasar Hausa. Kafin ya taka ƙasarmu sai da ya je Tarabulus, a Libiya ta yau, don koyon Hausa a bakin fatake da mahajjatan da suke zaune a can. A nan ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda ya rasa mahaifinsa a hanyar Makka. Yaron nan ya zama kamar ɗa a gare shi, ya kuma zama malaminsa na Hausa.

A farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, Bishop Tugwell yana shugabantarsu, suka nufi Kano. A lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma da suka isa Kano, Sarki Alu ya umarce su su bar masa gari. Suka juyo zuwa Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu. Daga baya gidan da suka gina ya ƙone. Tafiyar farko ke nan, ba a sami mai bi ko ɗaya ba. Duk da haka Mila ya komo, a 1905 kuma ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Zaman nan bai yi sauƙi ba. Gwamna Lugard ya riga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka jami'an mulki suna ganin mishan a tsakiyar birnin Musulmi kamar ƙaya a ƙafa. Mutanen gari suna zuwa karɓar magani, suna kuma jin daɗin Hausarsa, amma waɗanda suka karɓi baftisma kaɗan ne ƙwarai. Shi kansa Likitan ba mai sanyin baki ba ne. Yana tsawata wa sarakai a kan zalunci da cinikin bayi, yana kuma zargin 'yan'uwansa Turawa da kau da kai. Ƙarar da ya riƙa kaiwa tana cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. A ganinmu ya yi gaskiya da ya tsaya wa talakawa, amma kusancinsa da masu mulki da kaifin harshensa game da Musulunci sun sa mutane da yawa sun ɗauki bishara a kan kayan Nasara. Wannan tabo bai gama gogewa ba.

Abin da ya fi faranta masa rai ya zo a 1913, daga inda bai zata ba. Akwai wasu mutane da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, wanda tun a ƙarni na 19 ya lura da girman da Alƙur'ani ya ba Annabi Isa, ya riƙa koyar da haka har aka kashe shi. Mabiyansa suka watse cikin ƙauyuka suna jiran wanda zai ba su cikakken labarin Isa. Da wasunsu suka ji labarin Likitan Zariya, suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da majami'a da makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. 'Ya'yansu ne suka cika makarantar Mila a Zariya.

Makarantar ƙarama ce, amma dubi waɗanda suka fito daga wannan 'yar jama'a. Akwai Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ɗaliban Hausa sun san littafin. Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawa yake. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa, shi kuwa Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Wannan fassara ita ce babban aikinsa. Wasu sun riga shi juya sassan Littafi zuwa Hausa, kamar J. F. Schön, amma Mila ya yi shekaru yana zaune da masu harshen, yana auna kowace kalma da su, 'yan mishan na SIM da SUM kuma suna dubawa. Ya tsaya a kan a rubuta da boko maimakon ajami, ya kuma yi amfani da kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani, irin su Allah, annabi, zunubi, tuba da alheri. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Ya yi aikin ne domin Hausawan birane, amma waɗanda suka rungumi Littafin su ne Birom, Angas, Bajju, Tangale, Bachama da sauran kabilu masu yawa da ba su da Littafi cikin harsunansu a lokacin. Da shi aka koya wa kakanninmu karatu a ajin yamma, da shi aka horar da masu bishara da fastoci, shi ya sa mutumin Filato da na Adamawa suke iya yin sujada a benci ɗaya. Kusan rabin ƙarni ikilisiyoyi suna riƙe da shi kafin sabuwar fassara ta fito.

Mila ya ajiye aikin CMS a 1935, amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya komo Nijeriya, ya ci gaba da rubutu a kan makomar ƙasar, ya zauna a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.