Lokotoro Petiot: likitan da ya sayar da hanyar tsira, ya kashe matafiya

Jama'a masu karatu, yau za mu kai ku birnin Paris na ƙasar Faransa, zamanin yaƙin duniya na biyu, mu ba ku tarihin wani likita mai suna Marcel Petiot.

An haife shi a garin Auxerre a shekarar 1897. Ya yi soja a yaƙin duniya na farko, ya samu rauni, har aka kwantar da shi asibitin masu taɓin hankali. Duk da haka ya samu takardar likitanci a 1921, ya buɗe wurin aiki a Villeneuve-sur-Yonne. Talakawa sun so shi ƙwarai, don yakan duba marar kuɗi kyauta, har suka zaɓe shi magajin gari a 1926. Amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: an zarge shi da taɓa kuɗin gari, kuma kotu ta kama shi da satar wutar lantarki. Da kujera ta kuɓuce masa, sai ya tattara ya koma Paris.

A 1940 sojojin Jamus suka mamaye Faransa, suka shiga farautar Yahudawa. Kowa na neman ƙofar fita. Nan Petiot ya ga kasuwa ta buɗe. Ya laƙa wa kansa suna Lokotoro Eugène, ya baza dillalai suna raɗa wa mutane cewa yana da hanyar kai su Ajantina, kan kuɗi faran dubu 25 kowane kai. Wanda zai bar ƙasa ba da niyyar dawowa ba, ai kun san ba ya barin komai a baya: zinariya, kuɗi, tufafi masu tsada, duk cikin akwati. Sai Petiot ya kai mutum wani gida da ya saya a titin Le Sueur, mai lamba 21, ya ce masa hukumar Ajantina ba ta karɓar baƙo sai da allurar rigakafi. Daga wannan gida ba mai fita da rai.

Cikinsu akwai maƙwabcinsa, Joachim Guschinow, ɗan kasuwa mai sayar da rigunan fata. Akwai kuma iyalin Kneller, miji da mata da ɗansu ƙarami. Abin da ya fi ba mu takaici, dangi ba su iya kai ƙara, tunda tafiyar ta ɓoye ce. Wasu ma wasiƙu suka riƙa samu, wai an sauka lafiya.

Ranar 11 ga watan Maris 1944 maƙwabta suka gaji da wani baƙin hayaƙi mai ɗoyi da ke tashi daga gidan. Da ƴan kwana-kwana suka shiga, suka tarar da sassan jikin mutane na ci da wuta, wasu kuma cikin rami an zuba musu farar ƙasa mai zagwanye nama. Petiot ya iso bisa keke, ya shaida wa ƴan sanda cewa gawawwakin Jamusawa ne da maciya amanar ƙasa. Suka yarda, suka bar shi ya wuce!

Wata bakwai yana ɓoye. Ya tara gemu, ya canza suna zuwa Valéri, ya shiga cikin mayaƙan ƙwatar ƙasa har da muƙamin kyaftin. Bakinsa ne ya tona shi: wata jarida ta zage shi, ya kasa haƙuri ya aika da amsa da rubutun hannunsa. Aka cafke shi a wata tashar jirgin ƙasa ranar 31 ga Oktoba 1944.

An gurfanar da shi a watan Maris 1946 bisa zargin kashe mutum 27, akwatunan mamatan jibge a cikin kotu. Shi kuwa ya yi ta ba'a, yana iƙirarin ya kashe 63, wai duk maƙiyan Faransa ne. Alƙalai ba su saye wannan zance ba. An sare kansa a gidan kason La Santé da asubahin 25 ga watan Mayu 1946. Dukiyar da ya ƙwace kuwa, ba a gano inda ya ɓoye ta ba.