Ajayi Crowther: Bawan da ya Zama Bishop

A cikin Kirista akwai waɗanda coci-cocinsu ke ƙarƙashin bishop, kamar 'yan Katolika da 'yan Angalikan, waɗanda a Amurka ake kira 'yan Efiskofal. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta mai lura, watau makiyayin jama'a. Shi ne ke naɗa limaman coci, shi kuwa sai waɗansu bishop-bishop sun ɗora masa hannu kafin ya hau wannan matsayi. Baƙin mutum na farko da ya sami wannan daraja a cocin Angalikan ɗan ƙasarmu ne, Samuel Ajayi Crowther.

An haife shi a Osogun cikin ƙasar Yarabawa wajen shekara ta 1809. A 1821 mahara suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu har ya faɗa wa fataken bayi na Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya kuma shiga kwalejin Fourah Bay cikin ɗalibanta na fari. A 1843 aka naɗa shi limamin coci. Da ya komo Abekuta sai Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa, bayan rabuwar kimanin shekara 25.

Crowther mutum ne mai son harsuna. Ya rubuta ƙamus na Yarbanci, ya shugabanci aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. Tun 1841 ya fara bin kogin Kwara tare da Turawa. Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Kantabari, aka danƙa masa aikin bakin Kwara, daga Onica har Lakwaja. Ya zauna lafiya da sarakunan Musulmi, ba ya zagin addinin kowa. Har Sarkin Nufe Maliki ya aika masa da saƙo, yana neman ya roƙi Sarauniyar Ingila ta hana shigo da barasa ƙasarsa.

Amma ƙarshen rayuwarsa da ban tausayi. Waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka zo, ba su yarda baƙin mutum zai iya shugabanci ba. A 1890, wajen wani taro a Onica, suka dakatar da limaman da ke ƙarƙashinsa a kan idonsa, har da ɗan cikinsa, alhali kuwa a ƙa'idar cocin wannan hukunci na bishop ne. Tsohon ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Bature aka ba kujerarsa. Sai a 2014 shugaban cocin a Kantabari ya fito fili ya nemi gafara a kan wulaƙancin da aka yi masa.

'Yan'uwana ɗalibai, rawani ba ya hana raini, amma raini bai shafe aikin Crowther ba. Sunayen waɗanda suka ci mutuncinsa sai masu binciken tarihi, nasa kuwa har gobe yara na karanta shi a makaranta.