Nikolas Kofanikus, Bawan Ikilisiya Mai Nazarin Taurari

A Gusau, Tsafe ko Bungudu, kullum muna ganin rana ta fito gabas ta faɗi yamma, sai mu ɗauka ita ce ke kewaya mu. Haka masana suka riƙa koyarwa fiye da shekara dubu, bisa bayanin Tolemi na Iskandariya. Wanda ya kawo gyara ɗan Ikilisiyarmu ne.

An haifi Kofanikus a Torun ta ƙasar Polan a 1473. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan kimanin shekara 10, sai kawunsa Lukas, wanda daga baya ya zama Bishop na Warmiya, ya ɗauki nauyinsa. Ya yi karatu a Krakow, sa'an nan a Italiya, inda ya koyi aikin likita, ya kuma sami digirin dokokin Ikilisiya a 1503. Ya ƙare rayuwarsa yana hidima a babbar majami'ar Frombork, yana kula da dukiyarta, yana jinyar marasa lafiya, da dare kuma yana duban sama.

Lissafinsa ya kai shi ga cewa rana ce a tsakiya. Duniya na juyawa sau ɗaya a yini, abin da ke kawo dare da rana, tana kuma kewaye rana sau ɗaya a shekara. Ya daɗe yana jinkirin bugawa don gudun ba'a, har wani matashi ɗan Lutaran, Retikus, ya zo wurinsa a 1539 ya ƙarfafa shi. Littafin ya fito a 1543 da sadaukarwa ga Paparoma Bulus na 3. A shekarar ya rasu, ran 24 ga Mayu.

A 1616 hukumar Ikilisiya ta dakatar da littafin, a 1633 kuma aka hukunta Galileyo saboda kare wannan koyarwa. Sai a 1835 aka cire littafin daga jerin haramtattu. A 1992 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya bayyana cewa malaman tauhidi na wancan zamani sun yi kuskure, domin Littafi Mai Tsarki bai zo don koyar da tsarin taurari ba.

Saboda haka, in yaranmu suka dawo makaranta da irin wannan darasi, kada mu tsorata. Allah da ya halicci rana shi ne ya ba mu hankalin bincikenta.