Charles Spurgeon, Mai Wa'azin Da Gabansa Ke Faɗuwa

An haifi Charles Spurgeon a Ingila a shekara ta 1834. Yana ɗan shekara 15 ya ba da gaskiya ga Yesu. Kafin ya cika 20 an kira shi birnin Landan ya zama fasto, jama'a kuwa suka yi yawa har majami'a ta kasa ɗaukarsu.

Saboda haka aka yi hayar wani babban zaure. Ran 19 ga Oktoba 1856, da dare, wajen mutum 10,000 suka taru a ciki. Yana cikin addu'a sai waɗansu suka yi ihu wai wuta ta kama. Ba wuta ko kaɗan. Amma mutane suka ruga ƙofa, suna tattake juna a kan matakala. Mutum 7 suka mutu, 28 suka ji ciwo ƙwarai. Aka fitar da Spurgeon kamar sumamme. Shekarunsa 22, matarsa Susannah kuma wata ɗaya ke nan da haihuwar tagwaye.

Aka kai shi gidan wani aboki. Kwana da kwanaki yana kuka, da dare ba barci. Har ganin Littafi Mai Tsarki ya kan sa shi hawaye. Bayan mako biyu ya koma wa'azi, amma abin bai rabu da shi ba. Wajen shekara 25 bayan haka, a garin Portsmouth, ya shiga wani zaure ya ga an cika maƙil, ana matse juna. Nan take ƙarfinsa ya ƙare, ya jingina kansa a hannu, da ƙyar ya iya tashi ya yi wa'azi.

Ya kai mai karatu, ka lura. A Portsmouth ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya mutu. To, me ya kama shi?

Likitoci sun gane abin yanzu. Allah ya sa mai tsaro a cikin jikin mutum. In ka ga maciji a gona, tun ba ka yi tunani ba ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, wani sinadari mai suna adiranalin ya fito daga bisa ƙoda ya shiga jini. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, zufa ta karyo, domin ka iya gudu. Wannan alheri ne. Amma mai tsaron nan ba ya mantuwa. Jakin da ya taɓa zamewa a bakin rijiya, ko shekara ta kewayo, in an zo wurin sai ya toge. Haka jikin Spurgeon ya ga cunkoso, ya tuna daren nan, ya yi shirin gudu alhali ba abin gudu. Wani kuma abin ya kan faɗo masa ba dalilin da ya sani, ko bayan rashi, ko gajiya, ko yawan shayi mai ƙarfi. Saurin numfashin ne ke kawo jiri da tsirtsiri a yatsu. Mutum ya ji haka ya ce mutuwa ce ta zo, tsoro ya ƙaru, zuciya ta ƙara gudu. Yawanci cikin minti 10 abin ya kai iyakarsa, sa'an nan ya fara sauka. Shi kansa ba ya kisa.

A ƙauyukanmu na Konni da Illela, in mace ta yi haka a kasuwa sai a ce iska ce, ko maye ya kama ta. A ikilisiya kuma, abin kunya, mu dattawa mukan ce ƙarancin bangaskiya ne. Ni ma na taɓa faɗa wa wata haka, na kuwa yi kuskure. Abin da take bukata shi ne a zaunar da ita a inuwa, a yi numfashi a hankali tare da ita, daga baya a kai ta asibiti, kamar na Galmi, a duba zuciyarta da jininta, gama waɗansu cututtuka suna kama da wannan. Akwai magani, akwai kuma koyarwar da ke rage shi.

Spurgeon bai ɓoye rauninsa ba. Ya gaya wa ɗalibansa masu koyon aikin fasto cewa su ma irin wannan duhu zai same su, kada su ɗauka Allah ya yashe su. A 1861 aka buɗe masa majami'a mai ɗaukar mutum fiye da 5,000, ya yi shekara 30 yana tsayawa gaban cunkoson da jikinsa ke tsoro. Ya kuma kafa gidan marayu. Ya rasu a garin Menton na Faransa ran 31 ga Janairu 1892, yana da shekara 57.