Sarki Joji Na Biyar Da Littattafansa Na Kan Sarki

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan waya don jefa wasiƙa ya san kan sarki. Amma ba kowa ne ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa Bahaushe ya raɗa wa 'yar takardar nan wannan suna ba, alhali kuwa tun bayan samun mulkin kai hotunan dabbobi da tsuntsaye da gine-gine aka fi gani a jikinta. Dalili shi ne, a zamanin Turawa hoton kan Sarkin Ingila ake bugawa. Daga cikin sarakunan da kansu ya daɗe bisa wasiƙun ƙasar nan akwai Joji na Biyar, wanda ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936, kuma a zamaninsa ne Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa cikin 1914. To, wannan sarki shi kansa gawurtaccen mai tara kan sarki ne, kuma rayuwarsa ta faɗo daidai lokacin da aka fi yawan buga sabon rubutu bisa tsohon kan sarki, saboda mulki yana ta sauya hannu a duniya.

Ƙuruciyarsa

An haifi Joji a Landan ran 3 ga Yuni, 1865, a zamanin kakarsa Sarauniya Biktoriya. Shi ne ɗa na biyu ga Yarima Edward, saboda haka ba wanda ya sa ran zai hau gado. Yana da shekara 12 aka kai shi makarantar sojan ruwa, ya yi ta yawo cikin jiragen yaƙi, ya ga tsibirai da tashoshin da Ingila ke mulka. Baffansa Yarima Alfred, shi ma hafsan sojan ruwa, yana tara kan sarki, shi ne kuwa ya ƙarfafa masa gwiwa a kan wannan sha'awa. Daga baya abin da baffan ya tara ya dawo hannun Joji ta hanyar mahaifinsa.

Cikin Janairu 1892 wansa ya rasu, sai lamari ya juya, Joji ya zama mai jiran gado bayan mahaifinsa. Ya bar aikin jirgi, ya auri Gimbiya Mary a 1893. A wannan shekara ce ya shiga ƙungiyar masu tara kan sarki ta Landan, a 1896 kuma aka naɗa shi shugabanta, ya riƙe har ya zuwa hawansa sarauta. Ya taƙaita tarinsa ga kan sarkin Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, bai kuwa ji ƙyashin kashe kuɗi ba. A 1904 ya sayi wani shuɗin kan sarki na kwabo biyu da aka buga a tsibirin Morishiyas cikin 1847 a kan fam 1,450, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan kan sarki guda kafin wannan rana. Ba kowa ne ya yaba ba. Harold Nicolson, wanda aka ba aikin rubuta tarihinsa, ya yi ƙorafin cewa shekaru da yawa na ƙuruciyar mutumin sun tafi ne wajen harbin tsuntsaye da manna kan sarki.

Mene ne ƙarin bugu?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da kan sarki mai ƙarin bugu. Watau kan sarki ne da aka riga aka gama bugawa, sa'an nan daga baya aka sake mai da shi cikin injin ɗab'i aka danna masa wani rubutu ko wani adadi a fuska. Zana sabon kan sarki da sassaƙa farantinsa da bugawa a Turai da ɗauko shi a jirgin ruwa aiki ne na watanni. Wasiƙa kuwa ba ta jira. Saboda haka idan buƙata ta matsa, sai hukuma ta ɗauki wanda ke hannu ta gyara shi da 'yan haruffa.

A nan ƙasar ma an yi haka tun Joji yana yarima. A 1892, bayan Turawa sun kafa gidajen waya a yankin da suke kira Kogunan Manja, watau bakin teku wajen Kalaba da Bonny da Opobo, ba su da kan sarkin kansu, sai aka ɗauko na Ingila mai hoton Biktoriya aka buga sunan yankin a kai. A 1893 na rabin kwabo ya ƙare a Kalaba, jirgi bai iso ba, sai aka riƙa tsaga na kwabo gida biyu a karkace, ana buga wa kowane ɓari rabin kwabo. Ga dalilai biyu ke nan: sabuwar ƙasa da ba ta da nata tukuna, da kuma yankewar kaya.

Yaƙin Jamus

Joji ya hau gado cikin Mayu 1910. Shekara huɗu bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Jamus, Sarkin Jamus kuwa, Kaisa Wilhelm na Biyu, ɗan gwaggon Joji ne, kakarsu ɗaya. Kan sarkin da Jamus ke sayarwa a ƙasashen da take mulka yana ɗauke da hoton jirgin ruwan shaƙatawa na Kaisa. Sau da yawa idan sojojin Ingila da abokansu suka ci wata ƙasa ta Jamus, sai su tarar da tulin wannan kan sarki a gidan waya. Ba su ƙona shi ba, domin su ma suna buƙatar aika wasiƙa. Sai suka buga nasu rubutu bisa jirgin Kaisa.

Togo ce ta fara faɗuwa, cikin Agusta 1914, a hannun sojojin Gwalkwas da na Faransa, aka buga wa kan sarkinta rubutun da ke nuna ƙasar tana hannun Ingila da Faransa. A tsibiran Samowa da Niu Gini, can cikin tekun Fasifik, haruffa uku aka buga, G.R.I., waɗanda ke nufin Joji Sarki kuma Sarkin Sarakuna da harshen Latin, tare da sabon farashi na kwabo da sule. A Kamaru kuwa, inda sojojin Nijeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suka yi gumurzu, an ci Duwala cikin Satumba 1914, Garwa cikin Yuni 1915, dutsen Mora bai miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. A 1915 aka fito da kan sarkin Jamus na Kamaru da haruffan C.E.F. a kai, watau sunan rundunar da ta shiga ƙasar. Irin wannan bugu ya wuce maganar kuɗin wasiƙa. Sanarwa ce ga duk wanda ya karɓi ambulan cewa ƙasa ta sake maigida.

Akwai kuma dalili na kuɗi. Yaƙi ya cinye baitulmali, sai ƙasashe da yawa na daular suka buga kalmomin harajin yaƙi bisa kan sarkinsu na kullum, mai wasiƙa ya biya ƙari. Gwalkwas ta yi haka a 1918.

A cikin wannan hali sarki yana da nasa damuwa. A 1915 doki ya kā da shi a Faransa yana duba sojoji, ya ji mummunan rauni a ƙugu. A gida kuma mutane suna gunaguni cewa sunan gidan sarauta na Jamusawa ne, har cikin Yuli 1917 ya soke sunan, ya mai da shi Windsor. Idan yana Landan yakan keɓe yamma uku a mako ya shiga ɗakin kan sarki a fadar Buckingham tare da mai kula masa da tarin, Edward Bacon, wanda ya kama aikin a 1913. Na kusa da shi sun shaida cewa a nan ne yake samun sauƙin zuciya a shekarun yaƙi.

Ranar da aka buga a fuskarsa

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mutanen Ailan sun daɗe suna neman 'yanci daga Ingila, daga 1919 kuma abin ya zama yaƙi. Cikin Yuni 1921 Joji ya tafi Belfast ya buɗe majalisa, ya yi kira ga jama'ar tsibirin su yafe wa juna su zauna lafiya. Wata guda bai cika ba aka tsagaita wuta, ran 6 ga Disamba aka sa hannu a kan yarjejeniya. Sabuwar gwamnatin riƙon ƙwarya a Dablin ta karɓi gidajen waya, amma ba ta da kan sarkin kanta. Ran 17 ga Fabrairu, 1922, sai ga kan sarkin Ingila mai hoton Joji ana sayarwa, an buga sunan gwamnatin da harshen Ailan daidai bisa fuskarsa. Abin da aka yi wa jirgin Kaisa a Togo da Kamaru, shi aka yi wa kan Joji a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasa. Ko da Ailan ta fara fito da nata a ƙarshen 1922, manyan masu tsada na sule biyu da sisi, da sule biyar, da sule goma, sun ci gaba da fita da ƙarin bugu har 1937, bayan sarkin ya rasu.

A Jamus ma ba a huta ba. A 1923 darajar kuɗinsu ta zube warwas, farashin wasiƙa yana tashi kusan kowane mako, injin ɗab'i ya kasa cim masa, sai aka riƙa buga dubbai, sa'an nan miliyoyi, bisa tsohon kan sarki.

Abin da masu tarawa ke nema

Me ya sa masu tara kan sarki ke rububin irin waɗannan? Na farko, sau da yawa kaɗan aka buga, kuma 'yan makonni kawai aka yi ana aiki da su. Na biyu, cikin gaggawa aka yi aikin, a ƙananan maɗaba'u, saboda haka akan sami kuskure: rubutu ya fito a kife, ko ya fito sau biyu, ko harafi ya ɓace. Wanda ya fito da kuskure yakan ninka ɗan'uwansa tsada sau da yawa. Amma a nan haɗarin yake. Ba abin da ya fi sauƙin yi wa jabu kamar ƙarin bugu, domin macuci yana iya sayen kan sarki mai araha ya danna masa haruffa a ɗakinsa. Don haka ne ƙungiyar Landan ta kafa kwamitin masana tun 1894, masu auna tsawon haruffa da tazararsu da launin tawada, su gwada da na gaskiya kafin su ba da takardar shaida. Tari cikakke irin na sarki yana da amfani ƙwarai wajen wannan gwaji.

Rasuwarsa da gadonsa

A 1928 ciwon huhu ya kwantar da Joji, daga nan bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. A 1935 aka yi bikin cikarsa shekara 25 a kan gado, ƙasashen daular, har da Nijeriya, suka fito da kan sarki na tunawa. Ya rasu a gidansa na Sandringham ran 20 ga Janairu, 1936, yana da shekara 70. Ya bar littattafai 328 masu jan bango cike da kan sarki. Ɗansa Joji na Shida ya ƙara nasa cikin masu shuɗin bango, jikarsa Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma cikin masu kore.

Aikin ƙarin bugu bai mutu tare da shi ba. Ran 1 ga Oktoba, 1960, da Nijeriya ta sami mulkin kai, yankin Kamaru da ke hannun Ingila bai riga ya zaɓi inda zai bi ba, sai aka buga sunan Kamaru da haruffan U.K.T.T. bisa kan sarkin Nijeriya don a yi aiki da shi can. A 1961 arewacin yankin ya shigo Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, kudanci ya bi Kamaru. A 1968 kuma, lokacin yaƙin basasa, 'yan tawaye sun buga sunan Biyafara bisa kan sarkin Nijeriya da suka tarar a gidajen waya na Gabas.

Saboda haka, mai karatu, in ka buɗe tsohuwar adakar mahaifinka ka ga ambulan mai kan sarkin da aka buga wa rubutu a fuska, kada ka ɓamɓare shi, kada kuma ka jefar. Ka bar shi a jikin ambulan ɗin tare da hatimin gidan waya, domin hatimin ne ke nuna gari da rana, shi ne kuma shaidar farko da masana za su duba.