Dan Dicko Dankoulodo: Ɗan Maraɗin da ya jagoranci hukumar da aka haifa a Yamai, wadda Nijar ta fice daga cikinta

Dubban ɗalibai ne ke ɗauke da takardar shaidar karatu mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, domin da shi aka raɗa wa jami'ar Maraɗi suna. Sai dai da yawa daga cikinsu sunan kawai suka sani. Mai sunan masanin kimiyya ne, tsohon ministan ilimi, kuma ɗan Afirka na farko da ya riƙe hukumar ACCT, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama ƙungiyar OIF ta ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga wannan ƙungiya, abin da ya sa tarihin mutumin ya cancanci a sake duba shi.

Daga Maraɗi zuwa Montpellier

An haifi Dan Dicko a Maraɗi a shekarar 1934, lokacin da garin yake cikin kwarin Gulbin Maraɗi, inda Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi suka kafa shi a farkon ƙarni na 19, kusa da Tibiri, mazaunin sarautar Gobir. Yana da kimanin shekara 11 ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin, Turawan mulkin mallaka suka mayar da shi kan tudu, inda yake a yau.

Maraɗin wancan zamani garin gyaɗa ne. Manomi a Tibiri ko Jiratawa zai noma, 'yan kasuwa su saya su kai wa kamfanonin Turawa, amma farashin a Faransa ake yanke shi. Ke nan tun kafin a fara maganar dunƙulewar duniya a jami'o'i, mutanen yankin sun san yadda shawarar da aka yanke a nesa take iso su har cikin rumbu.

Karatun boko kuwa rabon 'yan ƙalilan ne. Har Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Duk mai son zurfafa karatu sai ya bar gida. Dan Dicko na cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Ya yi karatun kimiyya a birnin Montpellier na kudancin Faransa har ya kai matakin dakta, sannan ya koyar a jami'ar Abidjan da ke Kodebuwa. A lokacin, 'yan Nijar masu irin wannan digiri a fannin kimiyya ana iya ƙirga su da yatsu.

Minista a lokacin fari

A 1972 shugaba Diori Hamani ya kira shi gida ya ba shi ma'aikatar ilimi. Ba lokaci ne mai daɗi ba. Farin da ya faro tun ƙarshen shekarun 1960 yana kashe dabbobi, yana korar mutane daga ƙauyuka, noman gyaɗar da gwamnati ta dogara da shi ya durƙushe, ɗalibai da malamai kuma suna ta yajin aiki da zanga-zanga kan mulkin jam'iyya ɗaya.

Duk da haka, a cikin waɗannan shekaru ne aka yi abubuwa biyu da har yanzu ake cin moriyarsu. A 1973 cibiyar ilimi mai zurfi da aka buɗe a Yamai a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a, wadda yanzu ake kira jami'ar Abdou Moumouni. A shekarar ce kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci.

Yadda aka haifi ACCT a Yamai

Hukumar da Dan Dicko zai jagoranta, a ƙasarsa aka yanke mata cibiya. Diori Hamani, da Léopold Sédar Senghor na Senegal, da Habib Bourguiba na Tunisiya, da Norodom Sihanouk na Kambodiya ne suka daɗe suna neman a kafa wani dandali da zai haɗa ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Bayan taron farko a Yamai a watan Fabrairun 1969, ƙasashe da gwamnatoci 21 suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ACCT ranar 20 ga Maris, 1970. Aikinta shi ne haɗin gwiwa a fannin ilimi, al'adu da fasaha, kuma hedikwatarta tana Paris.

Tun a zauren taron aka ga inda gizo ke saƙa. Faransa na son lardin Kebek ya samu kujerarsa, Kanada kuma na cewa ƙasa mai cin gashin kanta ce kawai take da wannan haƙƙi. Sai da aka ƙirƙiro wani matsayi na musamman, wato gwamnati mai halarta, kafin a sasanta, Kebek ya shiga a 1971. Waɗannan ƙasashe biyu da ke jayayya su ne kuma suke zuba mafi yawan kuɗin hukumar. Ƙasashen Afirka suna da rinjayen kujeru, amma lalitar tana hannun wasu.

Shekara takwas a Paris

Babban magatakarda na farko shi ne Jean-Marc Léger, ɗan jarida daga Kebek. Dan Dicko ne ya gaje shi, ya kama aiki a 1974. A ranar 15 ga Afrilun shekarar sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori, ana tsakiyar ja-in-ja da Faransa kan farashin yuraniyom na Arlit. Aka tsare Diori da yawancin muƙarrabansa. Sai ya zamana sabon magatakardan yana jagorantar hukuma ta ƙasa da ƙasa, alhali gwamnatin da ta tsaya masa ta kau.

Bai faɗi tare da ita ba. Ya ci gaba da riƙe kujerar har aka sabunta masa wa'adi. A watan Agustan 1974 hukumar ta shirya babban bikin matasa a birnin Kebek, wanda ya haɗa mawaƙa, 'yan wasan kwaikwayo da 'yan wasannin motsa jiki daga ƙasashe mambobi. A taron Moris na 1975 aka kafa wani shiri na musamman na raya ƙasa, da gudummawar son rai, domin biyan buƙatun ƙasashe matalauta na horo da ƙwararru. A 1978 aka kafa majalisar CIRTEF ta gidajen rediyo da talabijin masu amfani da Faransanci. Hukumar ta kuma sa kuɗi a binciken harsunan Afirka, abin da ya nuna cewa ƙasashen nahiyar ba su yarda aikin ya tsaya kan yaɗa Faransanci kaɗai ba.

A zamaninsa ne kuma zauren ya faɗaɗa. Zayar, Jibuti da Komoros sun shiga a 1977, Muritaniya a 1980, sai Maroko da Gini a 1981. Shigar Gini ta ja hankali, domin ita ce ƙasar da ta ce wa Janar de Gaulle a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Aljeriya kuwa ta ƙi shiga, tana kallon abin a matsayin mulkin mallaka da ya sauya riga. A farkon 1982 ya miƙa ragama ga François Owono-Nguema na Gabon.

Abin da bai samu ba shi ne ƙarfin siyasa. A zamaninsa ACCT hukumar ayyuka ce mai ɗan ƙaramin kasafi. Taron ƙolin shugabanni na farko sai a 1986 aka yi shi a Versailles, kuma sai a 1997 aka naɗa Boutros Boutros-Ghali na Masar a matsayin babban sakatare mai magana da yawun ƙungiyar a siyasance. Sunan OIF da tsarinta na yanzu sun tabbata a 2005.

Dawowa gida

Bayan babban taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, aka farfaɗo da PPN-RDA, jam'iyyar Diori. Dan Dicko ya shugabance ta a cikin shekarun 1990, amma zamani ya riga ya juya, jam'iyyar ba ta sake zama babba ba. Ya rasu a 1998, Abdoulaye Diori, ɗan tsohon shugaban ƙasa, ya gaje shi a shugabancinta. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram, ita ce ta ɗauki sunansa.

Abin da ya bar wa masu bincike

OIF ta dakatar da Nijar a watan Disamban 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Da Nijar ta fice a Maris na 2025, Burkina Faso da Mali ma sun fice. A ƙarshen watan kuma sabuwar dokar tsarin ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wasu na ganin an kuɓuta daga ƙangi, wasu na ganin an yi asarar kujera a zauren da Nijar ta gina da hannunta.

Shekarun Dan Dicko a Paris suna ba kowane ɓangare hujja. Sun nuna cewa ƙasa matalauciya na iya kai ɗanta kan kujerar da ake yanke shawara, idan ta tanadi mai ilimin da zai zauna a kanta. Sun kuma nuna iyakar wannan kujera muddin wasu ne ke biyan kuɗin zauren.

Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin digiri na biyu ko na uku kan yadda ake tafiyar da duniya ba sai ya je nesa ba. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, takunkumin ECOWAS na 2023 da ya tsayar da motoci tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, fadamar noman rani ta Jiratawa da aka gina da tallafin waje, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, duk shawarwari ne da aka yanke a wasu birane, sakamakonsu ya sauka a kasuwar Maraɗi. Kowannensu na buƙatar wanda zai bi takardu da alƙaluma ya gano wa ya yanke, wa ya biya, wa ya ci riba. Shekara takwas na Dan Dicko a ACCT su ma suna cikin jerin, kuma ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunansa ne suka fi kowa cancantar rubuta su.